Ruwaya Da Lafazi: Yadda Ake Adana Sauti Ba Tare Da Asara Ba

Duk wanda Allah ya nufe shi da zama a Madina zama mai ɗan tsawo, wanda ya wuce kwana takwas ɗin nan da alhazanmu suke yi domin su cika salloli arba'in a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai tarar kunnensa ya saba da wani abu tun kafin idonsa ya gama sanin garin, watau muryar masu karatu, wadda take fitowa daga motar haya, da shagon mai dabino, da wayar da ke aljihun ɗalibi, da tagar gidan da ba a ga mai shi ba. Ba abin mamaki ba ne kuwa, gama a wannan birni ne Sayyidina Usmanu ya sa Zaidu ɗan Sabitu da abokan aikinsa suka rubuta mushafan da aka aika manyan garuruwa, a nan kuma Imamu Nafi'u ya zauna yana karantarwa har ya rasu a shekara ta 169 bayan Hijira, shi ne kuwa malamin Warshu, wanda da ruwayarsa yaran ƙasar Hausa suke wanke allo tun kaka da kakanni. Mutanen da suka gaji irin wannan tarihi ba su ɗaukar maganar kwafi da wasa, na rubutu ne ko na murya.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani dattijo Bahaushe ya yi mini a gidansa da ke wajen hanyar Ƙuba, wata ranar Alhamis bayan La'asar. Shi haifaffen Madina ne, amma mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, kamar yadda dubban maniyyata suka yi a wancan zamani, ya ratsa Barno da Cadi da Sudan, yana tsayawa ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri sa'an nan ya ƙara gaba, har ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Da aka kawo mana shayi mai na'ana'ar Madina da farantin dabino, sai ya sa aka jawo wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe ta da hannunsa. A ciki akwai kaset-kaset na tafsirin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yake yi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, da jerin faya-fayan CD na karatun Shaihu Aliyu Huzaifi, da 'yan kaset na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo waɗanda wani ɗan'uwa ya taɓa aikowa daga gida, sai kuma guda ɗaya da aka naɗe a farin ƙyalle, wanda ya ajiye a cinyarsa bai haɗa shi da sauran ba.

Ya ce, “Ɗana, jikana ya ce in ba shi waɗannan duka ya zuba mini su a waya, wai wani kati da bai wuce farcen yatsa ba zai ɗauke su, a huta da adaka. To, ni abin da nake so in sani shi ne, in an zuba su, duka ne za su shiga, ko kuwa akwai abin da zai zube a hanya?”

Na ce, “Baba, ya danganta da mazubin da aka zaɓa. Akwai mai yoyo, akwai wanda ba ya yoyo.”

Kafin a fahimci wannan amsa, lalle ne a san yadda murya take zama lamba. Sauti kaɗawar iska ne. Makirufo yakan mayar da kaɗawar ta koma ta lantarki, na'ura kuma ta riƙa auna tashinta da saukarta a kai a kai tana rubuta kowane awo da lamba. Sa'ad da kamfanin Sony na Japan da Philips na Holan suka fito da faifan CD a 1982, sun tsayar da cewa za a yi awon sau 44,100 cikin sakan guda, kowane awo a rubuta shi da lamba mai bit 16, watau a zaɓa masa matsayi ɗaya daga cikin matakai 65,536, a yi haka kuma ga ɓangare biyu, na kunnen dama da na hagu. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba: kunnen ɗan Adam mai lafiya ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, masana lissafi kuwa, irin su Nyquist da Shannon, sun riga sun tabbatar da cewa in aka yi awo fiye da ninki biyu na kaɗawa mafi sauri, to, ana iya komo da sautin yadda yake. Sai dai lambobin suna da nauyi. Minti ɗaya yana cin kamar megabait 10, awa ɗaya kamar 635. In muka ƙaddara mai karatu yana ɗaukar awa guda a kowane juzu'i, saukar Alƙur'ani gaba ɗaya za ta kai wajen gigabait 19.

Wannan nauyi ne ya sa masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus suka ƙago MP3, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Hikimarsa ita ce ya yi nazarin abin da kunne ba ya kula da shi, kamar ƙaramin amon da ya zo daidai da bugun ganga mai ƙarfi, sai ya watsar da shi, ya riƙe saura. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, na kilobit 128 a sakan, fayil yakan koma kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na asalinsa, saukar nan mai gigabait 19 ta kasa cika 2. Ba zan raina wannan ni'ima ba ko kaɗan, domin da ita ne tafsiri da wa'azi da waƙa suka shiga ƙauyukan da ko lantarki babu, ta hannun masu turi a kasuwa da ɗan memori na waya. Amma abin da aka watsar ya tafi ke nan, babu dabarar da za ta komo da shi, in kuma aka sāke matse wanda aka riga aka matse, sai asara ta hau kan asara.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan mas'ala a fagensu, suka raba ta gida biyu: ruwaya da lafazi da ruwaya da ma'ana. Akwai magabata irin su Hasanul Basari da suka yi rangwame mutum ya faɗi ma'anar abin da ya ji, muddin masani ne da harshe wanda ba zai karkatar da nufi ba, akwai kuma irin su Ibnu Sirina da Alƙasimu ɗan Muhammadu, ɗaya daga cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, waɗanda suke mayar da magana harafi da harafi yadda suka ji ta. MP3 da 'yan'uwansa, irin su AAC da Opus wanda WhatsApp yake naɗar saƙon murya da shi, masu ruwaya da ma'ana ne, sun kuwa ƙware a kai. Waɗanda nake son mu duba a nan su ne masu ruwaya da lafazi, waɗanda in aka ba su lamba miliyan dubu za su mayar da ita cif, ba ƙari ba ragi.

Mai karatu zai ce, to, yaya za a rage girman abu alhali ba a cire masa komai ba? Amsar tana cikin tsofaffin littattafan da ke kan kantar malamanmu. Marubutan hadisi, da suka ga kalmar haddasana tana maimaituwa sau dubbai, sai suka riƙa rubuta 'yan haruffan ƙarshenta kawai, mai karatu kuwa in ya iso wurin sai ya furta ta cikakkiya. Tawada ta ragu, takarda ta ragu, lafazi bai taɓu ba. Haka waɗannan tsare-tsare suke yi. Tun da kaɗawar sauti ba ta tsalle haka kawai, na'ura takan dubi lambobin da suka wuce ta yi kirdadon wadda za ta biyo, sa'an nan ta rubuta ɗan bambancin da ke tsakanin kirdadonta da gaskiya, wanda galibi ƙaramar lamba ce mai sauƙin rubutawa. Wajen saurare sai a bi lissafin a warware. Bambancin ke nan tsakanin wanda ya ninke babbar riga da kyau har ta shiga jaka, da wanda ya datse mata hannuwa don ta shiga.

Mafi tsufa cikin mazuban da ake amfani da su yau su ne AIFF, na kamfanin Apple, daga 1988, da WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991. Waɗannan biyu ba su ninke rigar ma sam, shimfiɗe ta suke yi yadda take, saboda haka da wuya a sami na'urar da ba ta gane WAV, kuma shi masu aikin situdiyo suka fi so wajen yanka da haɗawa. Aibinsa biyu ne. Na farko cin wuri, har ma fayil ɗaya na WAV na asali ba ya iya wuce gigabait 4. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne raunin wurin rubuta bayani: sunan mai karatu, da sura, da shekara, da wurin da aka ɗauka, sau da yawa in ka rubuta su da wata manhaja sai wata ta kasa karantawa, ka wayi gari da fayil ɗari masu suna iri ɗaya ba ka san na wane ne ba.

FLAC shi ne wanda na shawarci dattijon nan da shi, shi zan kuma shawarci mafi yawan masu karanta wannan rubutu. Wani Ba'amurke mai suna Josh Coalson ne ya fara aikinsa a 2000, ya fitar da cikakkensa a 2001, ya kuma bar shi a buɗe kamar waƙafi, ba kuɗin lasisi, ba sirri, duk mai ilmin abin yana iya karanta yadda aka gina shi. A 2003 ya shiga ƙarƙashin gidauniyar Xiph, a ƙarshen 2024 kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet ta buga cikakken bayaninsa a matsayin ƙa'ida tabbatacciya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ajiya don jikoki, domin kamfani yana iya mutuwa da sirrinsa, amma abin da aka bayyana wa duniya ba ya ɓata da mutuwar mai shi. Yakan rage fayil ya koma tsakanin rabi da kashi 70 cikin ɗari in kiɗa ne mai yawan kayan bugawa, muryar mutum ɗaya kuwa, irin ta mai karatu ko mai tafsiri, takan matsu fiye da haka. Yana da matakan matsewa daga 0 zuwa 8, mutane kuma sukan ruɗe su zaci mataki na 8 ya fi rage kyau, alhali duka sauti ɗaya suke bayarwa, bambancin kawai ɗan ragin girman fayil da lokacin da kwamfuta za ta ɓata wajen ninkewa. A bar shi a 5 inda aka same shi. Wurin bayaninsa yana karɓar haruffanmu masu ƙugiya da rubutun Larabci ba tare da sun rikiɗe ba. Wayoyin Android suna karanta shi tun 2011, haka kwamfuta mai Windows 10 zuwa sama.

ALAC na Apple ne, ya fito a 2004, aka buɗe sirrinsa ga kowa a 2011. Girman fayilinsa kusan ɗaya ne da na FLAC, sautinsa kuwa ɗaya ne ba kusan ba. Dalilin zaɓensa guda ɗaya ne tak, amma dalili ne mai ƙarfi: manhajar sauraro ta iPhone da ta kwamfutar Mac ba ta shigar da FLAC cikin taskarta, ALAC take so. Gidan da kowa iPhone yake riƙe, kamar yadda ake yawan gani a Saudiyya, zai fi samun sauƙi da shi. A kula dai, sunan fayilinsa yana ƙarewa da m4a, irin yadda na AAC mai asara yake ƙarewa, saboda haka wutsiyar suna kaɗai ba ta isa shaida ba.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Monkey's Audio, mai wutsiyar ape, ya ɗan fi FLAC matsewa, amma yana wahalar da ƙananan na'urori, kuma kaɗan ne suke gane shi. WavPack na David Bryant, wanda ya faro tun 1998, yana da wata dabara mai ban sha'awa ta raba sauti fayil biyu, ƙarami na yawo da shi da kuma na cikon gyara, in an haɗa su asali ya dawo, sai dai shi ma bai yaɗu ba. WMA marar asara na Microsoft kuwa ya zama tarihi. Wanda ya tarar da ajiyarsa a ɗaya daga cikin waɗannan kada hankalinsa ya tashi, gama babbar falalar wannan dangi ita ce ana juya fayil daga wannan zuwa wancan sau ɗari ba tare da lamba ɗaya ta canja ba. Masu cewa kunnensu yana jin WAV ya fi FLAC ɗumi ko faɗi, in har da gaske sun ji wani abu, to, su binciki na'urarsu ko ƙarfin muryar da suka saka, domin lambobin da suke isa lasifika iri ɗaya ne.

Tun da haka ne, ashe wurin da amana take tsayawa ko ta faɗi shi ne wajen juyewa daga faifai. A nan ma malamai sun riga mu. Ɗalibi in ya kwafe littafi ba a yarda da kwafinsa sai ya yi muƙabala, watau ya zauna da asali, wani yana karantawa shi yana bi; marubutan hadisi har sukan zana ɗan da'ira tsakanin hadisi da hadisi su bar cikinta fayau, sai an yi muƙabala sa'an nan a ɗiga mata ɗigo, don duk wanda ya ɗauki littafin bayan shekara ɗari ya san an duba. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina kan hanyar Tabuka, wadda aka buɗe a 1984, wadda kuma ta buga tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaihu Gumi, a kan wannan tafarki take: mushafin da Usman Ɗaha ya rubuta da hannunsa ba ya fita sai malamai sun bi shi, haka karatun da ake ɗauka a situdiyonta kwamitin masana ne yake sauraronsa. Tun ma kafin ita, a Masar, Shaihu Mahmudu Khalil Husari ya naɗi saukar farko cikakkiya a 1961 da ruwayar Hafsu, ya biyo da ta Warshu a 1964, malamai suna zaune suna gyara. Abin kunya ne a ce an sha wannan wahala a wajen ɗauka, sa'an nan mu mu yi sakaci a wajen kwafi.

Sakacin kuwa yana da sauƙin aukuwa, domin faifan CD na sauti in ya kwarzane, na'ura ba ta tsayawa ta yi ƙara. Cike gurbin take yi da ƙiyasi ta wuce, mai kwafi bai sani ba. Don haka ne wani Bajamushe, Andre Wiethoff, ya rubuta manhajar Exact Audio Copy a 1998, wadda take maimaita karanta duk wurin da ta yi shakka har sai ta sami natsuwa, in ta kasa kuma ta faɗa maka daidai minti da sakan ɗin da aka sami matsala. Masu Mac suna da XLD, akwai kuma dBpoweramp na saye. Dukansu suna iya tuntuɓar wata taska da ake kira AccurateRip, inda ake gwada kwafinka da na wasu mutane da suka juye irin faifanka a wasu ƙasashe da wasu na'urori. In suka dace, ka sami shaidu waɗanda ba su san juna ba balle su haɗa baki. Faya-fayan ƙasashenmu da yawa ba za a same su a taskar ba, sai mutum ya juye sau biyu ya gwada, in da hali da na'ura biyu daban. A nan kuma FLAC ya yi wa ALAC fintinkau, gama a cikin kowane fayilinsa akwai wata lambar hatimi da aka lissafo daga sautin tun ranar da aka yi shi, bayan shekara ashirin kana iya sa kwamfuta ta sāke lissafi ta gaya maka ko wani abu ya lalace. Ɗigon cikin da'irar nan ke nan.

Akwai wani kuskure da ya kamata in ja kunne a kansa, domin jikan dattijon nan ya kusa faɗawa ciki. Faifan sauti na gaskiya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80. In ka ga faifai ɗaya an rubuta a bayansa cewa izu sittin ne a ciki, ko tafsirin azumi guda cur, to, fayilolin MP3 ne aka zuba, an riga an yi asarar tun a can. Irin wannan sai a kwashe fayilolin yadda suke a ajiye. Mayar da su FLAC ba ya ƙara musu komai sai ƙiba, in kuma mutum ya ba wani su da sunan asali ne, ya yi abin da malaman hadisi suke kira tadlisi, watau ɓoye raunin sanadi. Ana iya gane irin wannan ta buɗe fayil a manhajar da ke zana hoton sauti, kamar Spek ko Audacity: wanda ya taɓa bi ta MP3 mai kilobit 128 za a ga an yanke samansa ƙat a wajen kaɗawa 16,000, kamar an sa reza.

Yanzu sai tambayar da kowa yake yi: shin kunne yana jin bambancin? Gaskiya ita ce MP3 da aka yi da kyau a kilobit 256 ko 320, mafi yawan mutane in aka rufe musu suna ba za su rarrabe shi da asali ba, ni ma ina cikinsu. Ɓarnar tana bayyana ne a ƙananan ma'auni, da kuma inda aka yi ta juyawa hannu zuwa hannu, wannan ya naɗa daga lasifikar wancan, wancan ya tura, wani ya sāke matsewa. Abin da yake fara tafiya kuwa shi ne saman sauti, inda fitar haruffan safiri take, sadi da sini da zayi, da bazuwar shini, da wutsiyar amon da ke biyo bayan maddi a cikin babban masallaci; a kiɗa kuma, kaifin bugun kalangu da zaƙin tsirkiyar kuntigin Ɗanmaraya. Wanda ya saurari tarawihin da Shaihu Muhammadu Ayyuba ya ja a Masallacin Annabi a shekarun 1990, Allah ya jiƙansa, gama ya rasu a 2016 aka rufe shi a Baƙi'a, zai tarar kwafi iri-iri suna yawo a wayoyi, wani garau, wani kamar daga cikin tulu, alhali dare ɗaya aka ɗauka. Ga ɗalibin tajwidi mai kwaikwayon abin da ya ji, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Shawarata ita ce a ajiye asali marar asara a gida, a riƙa ciro masa ƙananan kwafi don waya da mota, in za a aika wa wani asalin ta WhatsApp kuma a tura shi a matsayin takarda, domin ta haka yake isa yadda yake.

Sauraro a cikin gida ya yi sauƙi ƙwarai yanzu. Tsohuwar kwamfuta, ko ɗan akwatin ajiya da ake jonawa da rautar gida, in aka sa mata manhaja irin Jellyfin ko Plex ko Navidrome, sai ta zama rumbu wanda kowace waya da talabijin da ke gidan take ɗiba daga ciki, uwargida tana jin tafsiri a madafa, yaro yana bin Husari a ɗaki. FLAC mai darajar CD bai kai megabit ɗaya da rabi a sakan ba, abin da ko Wi-Fi mai rauni yake ɗauka, kuma ba ya taɓa data tun da a cikin gida yake zagayawa. Sai dai a san cewa abin kunne ko lasifikar da ke aiki da Bluetooth galibi sāke matse sautin take yi da asara kafin ya isa, don haka mai son lafazi cikakke sai ya jona waya mai igiya. Manyan kamfanonin sauraro ta intanet ma sun bi wannan hanya: Apple Music ya fara bayar da ALAC a 2021, Qobuz da Deezer da Tidal suna bayar da FLAC. Amma zaman haya ne, ranar da ka daina biya ko suka janye waƙa shi ke nan, kuma mafi yawan abin da ke cikin adakar dattijon nan ba su taɓa jin labarinsa ba. Kwafin da nake magana a kai shi ne mutum ya adana abin da ya mallaka don amfanin gidansa; buga na wasu a sayar kuwa cin haƙƙi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi abu ne da Shari'a take karewa.

Kaset shi ya fi bukatar gaggawa. Tun 1963 Philips ya ƙago shi, zarensa yana tafiya santimita 4.76 a sakan, zafi kuwa maƙiyinsa ne, ga shi bazarar Madina tana haura digiri 40 kwana da kwanaki. Shi ba lambobi ne a cikinsa ba, saboda haka ba a juye shi da sauri. Sai an sami rakoda mai lafiya, an goge ƙarfen da zaren yake gogawa da auduga da sifirit, an jona ta da kwamfuta da igiya, a bar kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe ana naɗa da Audacity. Abin da aka samu a ajiye shi FLAC yadda ya fito, da shuu ɗinsa da komai, in ana son wankewa a wanke kwafi. A rubuta masa sanadinsa a wurin bayani: wane ne, a ina, yaushe, daga hannun wa aka karɓa, wa ya juye. A yi ajiya biyu ko uku a rumbuna daban, ɗaya ma a wani gida, domin rumbun kwamfuta yana mutuwa ba sallama.

Mako biyu bayan wannan hira na koma gidan da rakodar aro, jikan ya kawo kwamfutarsa, dattijon ya warware farin ƙyallen. Muryar mahaifinsa ce, yana karanta Suratu Maryam da Warshu, da irin karyawar murya ta gardawan ƙasar Hausa, an ɗauka a tsakar wani gida da yake kusa da Harami kafin faɗaɗa masallaci ta haɗiye unguwar. Ana cikin tafiya sai jikan ya nuna wani wuri a allon kwamfuta ya ce, “Kaka, akwai wata 'yar ƙara a nan ƙasa-ƙasa, bari in share ta.” Dattijon ya ɗaga hannu, ya sa aka mayar da zaren baya, ya kara kunnensa da lasifika, ya yi shiru har aka wuce wurin.

Ya ce, “Kada ka taɓa. Inna ce take daka.”

Muka bar shi yadda yake. Jikan ya rubuta sunan mahaifin kakansa a wurin mai karatu, ya rubuta ruwayar Warshu, ya kwafi shekarar Hijira da ke jikin kaset ɗin, sa'an nan ya zuba fayil ɗin a rumbu biyu, dattijon ya ce ɗaya za a ba wani alhaji ya kai wa dangi a Katsina. Ana kiran Magariba muka rufe adakar, da sauran kaset ɗin Shaihu Gumi a ciki suna jiran Alhamis mai zuwa.